Igiyar Mamunatu

Ni dai ban taɓa ɗanɗana fito, giyar dawa, ba, Allah shaida. Wanki nake yi a Zangon Kumasi, katanga ɗaya ta raba ni da Mamunatu, wata 'yar ƙabilar Mosi mai dafa fito. Kullum sai na yi mata gorin warin tukwanenta, ita kuma ta ce bakina ya fi giyarta tsami. Haka muka zauna shekara tara.

Shekarar da annoba ta shigo gari, masu duba-gari suka fara bin gida-gida, inda suka ga ƙazanta sai su fito da kaya su cinna wuta. Ran nan da hantsi aka ce sun iso layinmu, Mamunatu kuwa ta tafi sayen dawa. Na faɗa ɗakinta da tsintsiya. Can a saman rufi na ga wata saƙaƙƙiyar igiya, baƙa ƙirin, ta yi kauri da busasshen datti. Kai, ƙazamar mata! Na jefa ta cikin tafasasshen ruwa da toka, na dirje ta da sabulu har ta yi fes. Suka zo, suka leƙa, suka wuce.

Da ta dawo na tare ta ina washe baki. Ta dubi igiyar a kan shanya, sai ta zauna a ƙasa.

"Habsa, me kika yi?"

"Ɗakinki na ceta, marar godiya!"

"Ba datti ba ne," in ji ta. "Iri ne. Ita nake tsomawa a tukunya giya ta tashi, in cire in shanya. Daga tukunyar uwata ta fito. A ƙugu na ɗauro ta daga ƙasarmu Yatenga."

Duk da haka ta tsoma ta, muka zuba ido kwana biyu, ko kumfa ɗaya babu. Ruwan ya yi yami, aka zubar.

Ni da kaina, da lulluɓina, na je gidan wani mutum Sumana na roƙo iri wurin matarsa mai fito, mutane na kallona. Giya ta tashi. Mashaya suka cika tsakar gida, suna cewa yau ma ta yi daɗi kamar kullum. Na ce, "To kin ji, yaya, komai ya dawo."

Ta kurɓa, ta daɗe da ita a baki kafin ta haɗiye.

"Giyar matar Sumana ce," ta ce. "Kuma cikinsu ba wanda ya gane."