Haƙorin Mai Karanta Labarai

Tana tsakiyar labari na uku haƙorin ya motsa. Kalmar "shugabanni" ta fito da wani siririn fito, kamar na butar shayi. Ta danne haƙorin da harshe, ta lallaɓa ta ƙarasa jimlar. Ta bayan gilashi mai haɗa sauti ya ɗago kai ya dube ta, sannan ya yi saurin mayar da idonsa kan na'ura.

Shekara ashirin da uku ke nan tana karanta labaran rana a gidan rediyon nan. Haƙorin kuwa na gaba ne, na sama, kuma dashe ne. An dasa mata shi shekara tara da suka wuce, bayan haɗarin motar da ya tafi da mijinta ya bar ta da giɓi. Likitan wancan lokacin ya kafa ƙarfe a cikin ƙashi, ya ɗora farin haƙori a kai, ya ce wannan sai dai a binne ta da shi. Yau mako uku tana jin yana lilo, tana tauna ta gefe ɗaya, ba ta gaya wa kowa ba.

Tana fitowa ta tarar da shugaban sashe a bakin ƙofa, yaron da ita ta koya wa riƙe takarda a gaban makirufo.

"Anti, lafiya kuwa? Yau kamar tsuntsu ya shiga ɗakin," ya ce yana dariya.

"Ɗan haƙori ne. Zan je a duba."

"Ki je. Na ƙarfe huɗu sabuwar yarinyar nan za ta karanta."

"Ai na riga na rubuta su. Kafin huɗu na dawo."

"Ki huta, Anti. Jiki da jini."

Ta san wannan hutun. Shi aka ba wanda ta gada, yanzu yana can ɗakin tsofaffin kasa-kasai yana kaɗe ƙura.

A asibiti wata matashiyar likita ta kwantar da ita, ta haska mata fitila a fuska. Ta taɓa haƙorin da ɗan ƙarfe, zafi ya harba har tsakiyar ka. Aka ɗauki hoto. Likitar ta daɗe tana kallonsa.

"Mama, da haƙorin ne ya kwance, da yanzu na ɗaure miki shi kin tafi. Ƙashin da ke riƙe da ƙarfen ne ya zaizaye. Kina da ciwon suga?"

"Shekara huɗu."

"To, ga dasashin ma ya kumbura, akwai ruwa a ciki. Sai an cire yau, kada ya shafi na kusa da shi."

"A cire a mayar da wani?"

"Ba yanzu ba. Sai wurin ya warke, a yi ƙarin ƙashi, a jira kamar shekara. Kuma ba zan yi miki ƙarya ba, ba lallai ya kama ba. Kafin nan za mu yi miki na roba, wanda ake sawa a cire. Magana dai za ta ɗan canja."

"Likita, ni fa da bakin nan nake ci."

"Kowa ma ai da baki yake ci, Mama," likitar ta ce da murmushi, tana zuƙo allura.

Mai karanta labaran ta mayar da kai ta kwantar. Ta buɗe baki kawai, ta zuba wa silin ido. Ko ƙarfi likitar ba ta sa ba, abin ya biyo hannunta kamar dama jira yake. Ta ji ƙararsa da ya faɗa cikin ɗan kwanon ƙarfe.

Kafin ta bar asibitin ta shiga banɗaki, ta kulle. Ta zare audugar da ta jiƙe da jini, ta tsaya gaban madubi, ta gyara tsayuwa yadda take yi kullum.

"Masu sauraro," ta ce.

Iska ce ta fita ta giɓin. Ta sake. Ta sake, a hankali, tana neman inda harshe zai jingina. Babu. Wani ya ƙwanƙwasa ƙofa, ta mayar da audugar.

A cikin bas ta samu wuri kusa da taga, ta ja mayafi ta rufe baki. Ƙarfe huɗu daidai direba ya ƙara sautin rediyo. Sabuwar yarinyar ta fara karantawa, kalma bayan kalma, duk waɗanda ita ta rubuta ta bari da safe. Ko sau ɗaya ba ta yi tuntuɓe ba. Har inda ake ɗan jan numfashi kafin labarin ƙarshe, ta ja.

Wani dattijo da ke gefenta, riƙe da kwandon kayan miya a cinya, ya jinjina kai.

"Kai, matar nan akwai murya," ya ce. "Fiye da shekara ashirin ina jin ta, ko kaɗan ba ta canja ba. Ko ba haka ba, baiwar Allah?"

Ta dube shi. Allurar ta fara saki, leɓenta na zugi. Ta gyaɗa masa kai, ta juya wajen taga.