Ta Uku daga Taga

Babana bai taɓa rubuta suna a jikin kwalba ba. Shekara talatin da wani abu yana haɗa magani, kuma an fi saninsa da na ƙoda, na masu kumburin ƙafa da ciwon ƙugu. Kwalabensa na jere a kan katako a ɗakin gaba. Shi da hanci da harshe yake gane su. Ni da nake masa daka da tankaɗe, da wurin zamansu na san su. In za a yi haɗin ƙoda, cokali biyu daga ta uku in ka ƙirgo daga taga, ɗaya daga ta biyar, rabi daga ta shida. Ta tara kuwa ba a sha. Garin wata saiwa ne a ciki, ta shafa wa ƙuraje, ya sha gaya min in ta shiga ciki, ƙodar da ake son karewa ita za ta fara ci. Ita da ta uku kamar an tsaga kara.

Ya rasu ranar Talata. Ran Asabar na fita karɓo takardar shaidar rasuwarsa, na dawo na tarar Goggo, ƙanwarsa, ta share ɗakin tas. Ta goge kwalaben ɗaya bayan ɗaya, ta jera su daga doguwa zuwa gajera.

"Kin ga yadda ɗaki ya koma na mutane?" in ji ta. "Yaya, Allah ya jiƙansa, ko kaza ta fi shi iya ajiya."

Me zan ce wa wadda idonta bai bushe ba? Ta fita, na tsaya gaban katakon ina ƙirge. Na gane ta biyar da ƙamshinta, ta shida da kalarta. Ta uku da ta tara kuwa suna gefe da gefe, tsayi ɗaya, murfi iri ɗaya.

Kwana uku ban zauna ba. In ɗora tukunya in dawo ɗakin. In fara wanki in bar shi a ruwa in dawo. Na shinshina har hancina ya daina jin komai. Na ɗanɗana, duk ɗaci ne. Na zuba a farin faranti na kai rana, na jiƙa a kofi biyu ko ruwan zai bambanta. Har tsayawa na yi inda Baba yake tsayawa na miƙa hannu ido rufe, wai ko hannun zai tuna.

Ran Laraba da hantsi Baba Tela ya zo. Abokin Baba ne tun suna samari, shekara biyu yana shan haɗin. Ya shigo yana jan silifas ɗin da ƙafarsa ta ƙi shiga gaba ɗaya, fuskarsa ta yi suntum.

"'Yar gidan boka, nawa ya ƙare tun jiya. Ƙafar nan ta ƙi taka keken ɗinki."

Na ba shi kujera na faɗa masa gaskiya. Ya dubi kwalaben ya yi dariya har da tari.

"Wato goggonki ta yi wa magani layin 'yan makaranta. To miƙo, ai bakina ya san shi."

Ya lasa wannan, ya lasa waccan, yana motsa baki.

"Wannan ce."

Na juya baya na sauya musu hannu na sake miƙa masa. Ya nuna ɗayar.

"Baba Tela, yanzu fa ka ce waccan."

"Ke, ni za ki yi wa jarrabawa? Ina ɗinka wa ubanki riga ba a haife ki ba. Zaɓi ɗaya ki haɗa min. In na mutu na yafe."

"Kai ka yafe. Ni fa da zan zauna da abin?"

"Tsoro ne da ke. Ubanki kuwa ba ya tsoro."

"Shi ya sani ne. Kuma da kunnena na ji ya ce maka in kumburi ya hau fuska ka tafi asibiti, nasa ba ya kai nan."

Ya kau da kai. Ina ganin hannunsa na matsowa wajen kwalba ɗaya a kan benci. Na san in ya fita da ita a aljihu, shan ta zai yi. Na kwashe duka biyun na fita tsakar gida, na juye su a magudanar ruwa, na bi da bokiti. Garin da Baba ya daka da hannunsa ne, na ƙarshe. Ina zuba ruwan ina kuka.

Baba Tela ya tsaya a bakin ƙofa yana kallona.

"Kin zubar da ubanki a kwata," ya ce.

Na ɗauko mayafina na je titi na tsayar da mota. Ya daɗe a tsaye, har direba ya fara danna hon. Sannan ya jawo ƙafa ya shiga. Muka wuce asibiti. Da aka ɗebi jininsa likita ta ce ba zai koma gida ranar ba, sai ya miƙo min makullin shagonsa ba tare da ya dube ni ba.

"Ki je ki rufe min taga. Akwai kayan mutane a kan tebur."