Dogon Fiffike

"Riƙe nan, Digiri. A hankali mana, ba wuyan kaza na ba ki ba."

Na sassauta yatsuna. Baba Mai Sikeli yana zaune a bakin gado, gangar jirgin a kan cinyarsa, yana jawo roba ta huɗu don ya ɗaure fiffiken a bayanta. Robar ta kuɓuce masa har sau biyu. Ban karɓa ba, don na san ba ya so.

Maƙwabcinmu ne, ƙofarsa tana kallon tamu a hawa na biyu. Ya yi shekara talatin yana gyaran sikeli, da ya ajiye aiki sai ya koma ƙera ƙananan jirage marasa inji, irin waɗanda ake jefawa daga kan tudu, iska ta ɗauka, a sarrafa su da rimot. Ganga ɗaya gare shi, fukafukai uku. Gajeren na ranar iska mai ƙarfi ne, matsakaicin na kullum. Dogon kuwa ya fi hannuwana biyu a buɗe, siriri, an lulluɓe shi da farar leda da ake hango ƙasusuwan katakon ta ciki. Shekara ɗaya da rabi ya yi yana haɗa shi, kuma bai taɓa tashi ba. Sai ranar da iska ta kwanta sarai, ɗumin ƙasa kawai ke hawa sama. Iska mai ƙarfi karya shi za ta yi.

Ni na gama jami'a ina zaman jiran aiki, kuma ba ni da yawan magana. Ya kama ni ne wata rana a matakala ina satar kallon jirgin. Tun daga nan na zama Digiri, na riƙa bin sa tudun da ke bayan tankin ruwa, har ya koya mini rimot. Kafin ya gama dogon fiffiken sai ciwon zuciya ya kwantar da shi.

Ya ɗora jirgin a kan yatsu biyu, ɗaya ƙarƙashin kowane gefe. Hancin ya ɗaga sama. Ya buɗe shi, ya tura 'yar dalma gaba kaɗan, ya sake gwadawa. Duk sauyin fiffike sai an yi wannan, in ba haka ba jirgin ya kifa. Da ya tsaya daidai, sai ya ɗaga murya.

"Hukuma. Yau me shanya ta ce?"

Haka yake kiran matarsa, Inna, wai ita ce hukumar hasashen yanayi. Tagar ɗakinsa bangon wani gini take kallo. Inna ce ke shanya a barandar baya, kuma shekara da shekaru daga motsin kayan take gaya masa fiffiken da zai ɗauka.

"Iska ce kamar ta tafi da zanen gado," in ji Inna daga kicin. "Ka haƙura."

Daga inda nake zaune ina hango gefen barandar. Rigarsa mai ruwan toka tana rataye a miƙe, ko hannunta ba ya motsi.

"Digiri, ke fa? Me kika gani?"

Na kalli ƙafafuna. "Ban lura ba, Baba."

"Shekara huɗu a jami'a, ba a koya miki kallon shanya ba." Ya yi ajiyar zuciya. "To, cire shi. Sa mini gajeren."

Muka zare robobin, muka ɗora gajeren, ya mayar da dalmar baya. Ba inda za shi da gajeren ma. Yana dai son jirgin ya dace da ranar.

Da zan fita Inna ta biyo ni bakin ƙofa, hannunta da kumfa.

"Kin gani, ko?"

Na gyaɗa kai.

"Likita ya ce matakalar nan kaɗai ta yi masa yawa, balle tudu. In na ce masa iska ta kwanta, ko da rarrafe sai ya je. Gara ya ji haushin iska da ya ji nawa."

Haka muka yi wajen wata guda. Kullum da hantsi mu ɗora dogon, ya tambaya, ta amsa, mu sauke. Wasu ranakun gaskiya take faɗa. Wasu ranakun ni ce ke rasa inda zan sa idona.

Ran nan Inna ta fita sayen magani. Muka ɗora dogon, ya daidaita shi, sai ya yi shiru yana saurare.

"Kin ji?"

"Ban ji komai ba."

"Yawwa. Ƙugiyar igiyar nan ni na kafa ta. In akwai iska, tana kuka a jikin ƙarfe, ƙii, ƙii. Tun daga gadon nan nake jin ta." Ya dube ni ta saman tabarau. "Yau ba ta ce komai ba. Jiya ma haka."

"Baba, ni..."

"Ke ba ki iya ƙarya ba, shi ya sa kike kallon ƙasa. Ita ta iya, amma igiya ta tona ta." Ya yi 'yar dariya, tari ya biyo baya. "Kada ki gaya mata. Tana jin daɗin ta fi ni wayo."

"Kana so in kai ka? Sai mu ɗauki tasi."

Ya daɗe yana shafa farar ledar da bayan yatsa.

"In na faɗi a can, ita za ta zauna da abin. Bar shi dai a ɗaure yau. Na gaji da sauyi."

Bayan kwana biyu ya rasu, da hantsi, a kan kujerarsa, shayinsa bai huce ba. Inna ta ce ta shiga ɗaukar kofi ne ta tarar kansa ya karkata kamar mai gyangyaɗi.

Sai da baƙi suka watse, gidan ya koma shiru, sannan wata safiya ta ƙwanƙwasa mana ƙofa. Jirgin na hannunta, ta karkata shi don kada fiffiken ya taɓa bango.

"Shanya ba ta motsi," ta ce. "Ɗauko abin latsawar."

A kan tudun ciyawa ta bushe, rana ta fara zafi. Na kunna rimot, na gwada jelar, ta amsa hagu da dama. Na ɗora jirgin a yatsu biyu yadda yake yi. Ya tsaya cak, ba abin da zan taɓa.

"Ranaku irin wannan na hana shi," in ji Inna, ba ta kalle ni ba. "Ya tafi yana zaton iska ce."

Na yi masa alkawarin ba zan gaya mata ba. Na kalli ƙasa, sai na tuna abin da ya ce game da kallon ƙasata, na ɗago.

"Ya sani, Inna. Ƙugiyar igiyar tana kuka in akwai iska. Yana ji daga gado."

Ta juyo ta dube ni.

"Kuma kullum sai ya tambaye ni?"

"Kullum."

"Ja'irin tsoho." Ta share ido da gefen mayafi. "Yaya ake jefa abin nan?"

"A miƙe, Inna. Kamar za ki miƙa wa wani."

Ta riƙe gangar sama da kafaɗarta, ta yi taku biyu, ta sake shi. Ya nutsa kaɗan, zuciyata ta bi shi, sai ya miƙe. Can wajen tankin gefe ɗaya ya ɗaga, alamar ɗumi na hawa a wurin. Na juya shi ciki a hankali. Ya fara kewayawa yana hawa, ba ƙara ko kaɗan, rana tana ratsa ledar har ana ganin ƙasusuwan ɗaya bayan ɗaya.

Inna ba ta sauke hannunta ba. Yana nan a sama, a buɗe, yadda jirgin ya bar shi.