Shirun da Muka Saka wa Muryar Kabo

Shekarar da aka kawo kaset ɗin Kabo, shagona yana gangaren unguwar Birik a Yawunde, jikin shagon Garga mai gyaran rediyo. Katako ɗaya ne ya raba mu. Ni ina taka keken ɗinki, shi yana murɗa tashoshi, har na saba da yin aiki cikin ƙugin rediyon da ba ta warke ba. Zamanin Shugaba Ahijo ne, lokacin da layinmu bai san kwalta ba, in an yi ruwa jar laka ta bi mutum har kan tabarmarsa. A shekarar ce kuma na shiga ajin manya ina koyon boko, ina da arba'in da uku a duniya.

Gwaggo Hansai maƙwabciyarmu ce, ba dangi ba, amma duk layin Gwaggo muke ce mata. Ita ke daka wa masu tsire yaji. Kunnenta ya yi nauyi, sai an matso an yi mata magana dalla-dalla take ji. Tana da ƙane a Garwa, Kabo, wanda suka yi shekara goma sha tara ba gaisuwa. Ita ta ɗauko mahaifiyarsu zuwa Yawunde don neman magani, tsohuwar ta rasu a nan, aka binne ta a nan. Kabo ya ce ta raba uwarsu da ƙasar da mijinta yake kwance, daga nan ya yanke.

Njidda, direban motar shanu da ke sauke kaya a kasuwar Etudi, shi ya kawo kaset ɗin a naɗe cikin hankici. Tare da shi ya kawo labarin cewa Kabo ya rasu kwana tara da suka wuce, kuma a kan gadon jinya ya yi maganar.

Aka sa kaset a gidan Gwaggo. Ashe Kabo irin mutanen nan ne masu magana kamar ana zuba tsakuwa a kwano, kalma tana hawa kan kalma. Mu masu kunne sai mun natsu muke kamawa. Gwaggo ta gane muryar, ta dafe ƙirji, amma ko kalma ɗaya ba ta tsinta ba.

'Yarta Safiyatu ta matsa kunnenta ta ce, "Inna, ya ce ba komai tsakaninku."

"Haka za ki ce mana. Ko zagina ya yi, haka za ki ce."

"Wallahi, Inna."

"Ajiye wallahinki. Da kunnena aka gaya mini na raba Innarmu da gida, da kunnena zan ji sauran."

Washegari da hantsi sai ga ta a shagon Garga da kaset a bakin zane. Na tsai da keke, na leƙo.

"Kai Bafillace, an ce kana sa ƙarfe magana. To ka sa wannan ya yi a hankali."

"Gwaggo, wannan ai ƙaramin aiki ne," in ji Garga, yana kallona yana ɗaga gira.

Ya buɗe bayan wata rediyo, ya zura siririn sukudireba cikin ɗan ramin da ke jikin injin da ke juya kaset, ya murɗa kaɗan. Maganar ta fara saukowa. Kalmomi suka rabu, kowace ta tsaya da ƙafarta. Amma muryar ita ma ta sauko tare da su, ta yi kauri, ta koma kamar ta bijimi a cikin rijiya.

Gwaggo ta janye kunnenta.

"Wane ƙato ne wannan?"

"Kabo ne, Gwaggo. Na rage masa gudu ne kawai."

"Kabo muryarsa siririya ce, tun yana yaro ake tsokanarsa da ita. Wannan ko ya ce ya yafe mini sau ɗari, ba shi nake jira ba. Mai da mini ƙanena."

Garga ya mayar. Kabo ya dawo da muryarsa, ya dawo da gudunsa. Ya sake ragewa rabi, ta ce yanzu ba ƙaton ba ne, ba kuma Kabo ba ne, wani ɗan'uwansu ne da ba ta sani ba. Ta karɓi kaset ɗinta, ni na roƙe ta ta bar mana shi kwana biyu.

Da ta tafi Garga ya zauna a kan benci yana sosa ƙeya.

"Tela, abin nan ba ya yiwuwa. A kaset, gudu da murya igiya ɗaya ta ɗaure su. Ka ja ɗaya, ɗayar ta biyo."

"Ko a gidan rediyo?"

"Wani abokina da ya yi kwas a Faransa ya ce ya ga na'ura a can. Wai tana mai da murya lambobi, ta yanyanka ta ƙanana-ƙanana, ƙanƙantar da kunne ba ya ganewa, sai ta riƙa maimaita kowane yanki. Magana ta yi tsawo, murya tana nan yadda take. Amma ina mu ina ita? Kafin ta iso Birik, ni da kai mun bi Kabo."

Na koma kan keke. A gabana akwai rigar wani yaro da uwarsa ta kawo a ƙara mata tsawo. In riga ta gajarce ba a jan yadi, in ka ja shi zanen jikinsa ya karkace. Farkewa ake yi a inda ɗinki yake, a sa ƙyalle a tsakani. Na daɗe ina kallon rigar nan, sannan na ƙwanƙwasa katakon.

"Garga, in ba mu taɓa gudunsa ba fa? Mu farke maganar a inda yake jan numfashi, mu sa shiru a tsakani."

Sai ya ce, "Kuma kowane yanki mu sa shi sau biyu. Wanda ya kuɓuce mata a na farko ta kama a na biyu. Kai, Tela, ashe ajin nan naku ba gyangyaɗi kawai kuke yi ba."

Ya haɗa rediyo biyu da waya, ɗaya tana faɗa, ɗaya tana ɗauka a sabon kaset. Matsalar ita ce Kabo ba ya son numfashi. Sai da na saurare shi ya fi sau ashirin, ina rubuta maganarsa a littafin ajinmu da rubutuna mai kama da tafiyar kaza, ina ja layi duk inda ya ɗan tsaya. Wannan ce doguwar magana ta farko da na taɓa rubutawa. In mun zo kan layi in ɗaga yatsa, Garga ya danna, ya mayar baya da fensir, ya sake sa yankin, sannan mu bar kaset ya ɗauki shiru gwargwadon ƙirga biyar. Sau biyu ya datse Kabo a tsakiyar kalma muka koma farko, yana cewa yatsana ne ke makara, ni ina cewa nasa ne ke gaggawa. Kwana biyun suka zama huɗu. Maganar minti shida ta koma kusan ashirin.

Bayan la'asar muka kai mata. Tana tsakar gida, turmi a gefe, ƙamshin citta da barkono ya sa Garga atishawa tun daga zaure. Safiyatu ta shimfiɗa tabarma. Gwaggo ta ɗauki rediyon da hannu biyu ta manna a kunnenta na dama.

"Hansai, ina wuni," in ji Kabo da siririyar muryarsa. "Hansai, ina wuni."

Shiru ya biyo baya. Mun sa shi ne don ta samu ta haɗiye abin da ta ji. Ita kuwa sai ta amsa.

"Lafiya lau, Kabo."

"Ina gajiya, yaya yara." Ya sake faɗa.

"Ba gajiya. Yara suna nan, sun zama iyaye."

Garga ya kalle ni, na sunkuyar da kai. Haka suka yi ta tafiya. Ya ce ƙafafunsa sun kumbura, ta ce ai tun da can ba ya jin magana a kan gishiri. Ya ce mangwaron tsakar gidansu ya faɗi bara, ta yi salati, ta tambaye shi ko ya danne ɗakin Inna, shi kuwa ya wuce zuwa labarin wani maƙwabcinsu da ya tafi Makka bai dawo ba. Ta ce, "Ka ji shi, ana tambayarsa yana wani zance."

Sai aka zo wurin da na ja layi biyu a littafina.

"Maganar Inna kuwa, ƙasa duk ta Allah ce." Sau biyu.

Ta ƙara manna rediyon a kunnenta.

"Na daɗe da sanin haka, kunya ce ta hana ni aikowa." Sau biyu.

Safiyatu ta matso ta tallafe rediyon daga ƙasa.

"Ke kika yi jinyarta, ni baki kawai na sa. Ki yafe mini, Yaya."

Ya maimaita. Ta share ido da gefen mayafi, ta ja numfashi, ta fara, "Kabo, ni ma ai..." Sai ƙirga biyar ta cika, Kabo ya shiga sallama da gaisuwa ga mutanen Yawunde.

Ta sauke rediyon a cinyarta. Ta dube mu, ni da Garga, ido jajir.

"Wa ya auna shirun nan?"

"Ni ne, Gwaggo," na ce.

"To ka yi masa ƙwauro. Ku koma ku ƙara a daidai nan, ku ƙara da yawa. Ban gama ba shi amsa ba."