Motar Baba Ba Ta Kai Najaf Ba

Baba ya ƙare ƙuruciyarsa yana ɗaure akwatin gawar mutane a kan rufin tsohuwar motarsa ƙirar Shabalet, daga Amara zuwa maƙabartar Najaf. Da ciwo ya kwantar da shi, abu ɗaya ya roƙe mu: idan tasa ta zo, motarsa za ta kai shi, ba ta haya ba.

Ni ne Muhannad, autansa. Na bar makaranta ban gama ba, na taɓa gidan burodi, na taɓa gini, babu inda na daɗe sai gareji. Distiribitar motar Baba, mai raba wa injin wuta, ta mutu, irinta kuma ta ɓace a kasuwa. Sai na cire ta ɗungurungum, na ɗaura koyil da sensa irin na motocin zamani, na bar guntun ƙarfe yana juya famfon baƙin mai.

Usta Jawad, mai garejinmu, ya leƙa cikin injin ya yi tsaki.

"Injiniyan da bai gama aji ba! Wa zai riƙe maka kamshaf, sandar cikin injin? Da can giyar distiribita ce ke jan sandar nan baya. Yanzu ka sake ta, za ta riƙa kai da kawowa kamar kai."

"To ya zan yi, Usta?"

"Maɓalli ake sa mata a hanci, ya tokari murfin gaba. Sai Bagadaza ake samunsa."

Bagadaza da nisa, numfashin Baba kuwa kullum raguwa yake. Na yi abin da layinmu ya saba tun zamanin da aka sa wa ƙasarmu takunkumi: abin da babu, a ƙera shi. Na ɗauko farin allon robar da Umma ke yanka nama a kai, na fafe maɓalli, na goge shi sumul. Usta ya tura sandar da sukundireba, ba ta motsa ba. Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "A cikin gari dai zai yi."

Ban ji ƙarshen maganar ba, don injin ya riga ya tashi. Baba ya ji ƙararsa daga ɗaki, ya aiko a ce mini Allah ya yi albarka.

A tsakiyar lokacin zafi ya rasu. Muka rufe akwatin da bargo, muka ɗaure a rufi. Yayana Sattar a gefena, Baffa Abdul-Zahra a baya yana jan carbi.

Mun wuce Diwaniya kaɗan na fara jin wata ƙara, kamar ana wasa wuƙa a dutse. Na rage gudu. Injin ya yi tari, ya mutu.

Na ɗaga bonet. Baƙin mai na ɗiga a kwalta. Robar ta narke, sandar ta taho gaba ta ci murfin har ta huda shi.

"Gyara," in ji Sattar.

"Yaya, ba ya gyaruwa a nan."

"Ka ce ka fi kowa sanin motar nan. Gyara!"

Baffa ya taɓa bargon, ya janye hannunsa don zafi. "'Ya'yana, ranar nan ba ta jiran kowa. Ubanku ba zai jure ta ba."

Wata ƙaramar bas ta tsaya. Na riƙe hannun direban. "Don Allah, kawu, ka ja mu. Babanmu ne, muna so ya isa a kan motarsa, ko da a jaye ne."

"Allah ya jiƙansa. Kana da igiya?"

Muka duba but ɗin motarmu, ya duba tasa motar. Igiya ɗaya ce a wurin, ita ce ke riƙe da Baba.

Sattar ne ya kwance ta. Muka kama akwatin muka mayar kan rufin bas. Na sa ƙafa zan shiga, ya tare ƙofar da hannu, bai dube ni ba.

"In aka bar ta a nan, kafin dare an kwashe tayoyin. Ka zauna da ita."

Suka tafi. Na zauna a gindin taya, inda inuwa ta ɗan rage. Ban san wanda ya sauka kabarin ya karɓe shi a madadina ba.