Baƙon da ke Cikin Wayar Mama

Mamata Phebe, ko ƙafarta ce ta karye ka tambaye ta ya jiki, "Da sauƙi" za ta ce maka. Haka matan gidanmu suke tun daga ƙauye, ba a kai wa baƙo kukan jiki. Ita ke ja wa zumuntar mata waƙa a cocinmu na Bolori, kuma in ta ɗaga murya har masu keke a bakin titi sukan rage gudu.

Bara likitoci suka ce tana da MS, ciwon jijiyoyi mai lafawa ya sake tashi. Nata a harshe ya fi kama ta. Dakta Rashida ta saka mata wata manhaja a waya. Kullum za ta karanta 'yan layuka, ta ja "aaa" iya numfashinta, manhajar ta auna nauyin harshe da rawar murya ta aika asibiti.

"Mama, in ciwon zai tashi, muryarki ce za ta fara gaya mana," in ji Dakta. "In mun tare shi da wuri, muna sa ran ceto ta. In mun makara, abin da ya tafi ba lallai ya dawo ba."

Mama ta ce ta ji. Ashe jin nata daban ne.

Da sanyin safiya sai ta yi wanka, ta kafa ɗaurin ɗankwali, ta sha shayi mai citta, sannan ta zauna ta gaida wayar. Wallahi gaisuwa sosai, har da ina gajiya. In harshen ya sarƙe, ta goge ta sake, ta goge ta sake, sai wanda ya fita tas take bari ya tafi. A asibiti ana ta murna Mama na samun lafiya. Ni kuwa da nake gida ina ji, da rana ta take, sunana ma Ketura da ƙyar yake fita daga bakinta.

Ni ba ni da haƙuri, kowa ya sani. Na ce, "Mama, likita kike ruɗa ko kanki?"

Ta harare ni. "Baƙo ne a cikin abin nan. Kin taɓa ganin na tarbi baƙo da zanin barci?"

Na yi faɗa, na yi kuka, na yi barazanar kai ƙara wajen Dakta. Ta ce in na kai, in nemi wata uwar.

Wata Alhamis cikin zafin Afrilu na raka ta koyon waƙa. Ta ɗauko baitin farko lafiya. A na biyu harshen ya ƙi. Mata sun buɗe baki suna jiran inda za su amsa, babu abin amsawa. Wata ta yi maza ta karɓe waƙar don ta rufa mata asiri, kuma wannan ya fi komai yi mata ciwo.

Muka hau keke muka dawo. Muna shiga gida na nufi randa in kawo mata ruwa.

"Bari," ta ce. "Wayar."

Ɗankwali a karkace, zufa har wuya, ta zauna a bakin ƙofa ta danna. Ta karanta layukan nan, kalmomi na jan ƙafa, wasu na faɗuwa a hanya. "Aaa" ɗin ya tsinke tun bai yi nisa ba. Yatsanta ya je kan gogewa ya tsaya. Na kau da kai don kada ta ga idona.

"Sannu, baƙo," ta ce da wayar. "Yau babu sauƙi. Je ka faɗa wa Dakta."

Ta aika. Na sha ganin Mama a gaban taro ana tafa mata, amma ban taɓa alfahari da ita kamar ranar ba.

Kafin yamma Dakta Rashida ta kira. Aka ba Mama gado a asibiti, aka ɗaura mata ruwan magani. Muryar ba ta dawo duka ba, har yau ƙarshen kalma yakan ɗan ja. Amma waƙar tana hannunta, ba ta sakar wa kowa ba.

Ranar Lahadin da ta koma, mata suka yanyame ta a ƙofar coci suna ya jiki, ya jiki. Mama ta gyara ɗaurinta, ta dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Yau da sauƙi," ta ce. "Jiya babu."