Yatsan Mama

Ranar Juma'a ce, jibi ɗaurin aurena da Umair, hannuwana biyu suna cikin leda har wuyan hannu. Mai ƙunshi ta gama ɗaura mani jan lalle ta tafi, ta ce kada in taɓa komai sai la'asar. Gwaggo Binta, ƙanwar Baba, ita ma ta naɗe nata hannuwan, tana zaune a tabarma tana ba da umarni da haɓa. Duk gidan Mama ce kaɗai mai hannu, shi ya sa ita ta ɗauki kaskon turaren wuta ta shiga ɗaki turara kayana.

Tari na fara ji. Daga nan sai wannan siririn fito da na sani tun ina ƙarama, na asmarta.

Na same ta durƙushe a bakin gado cikin hayaƙi, tana matsa abin shaƙarta. Babu komai a ciki.

"Furera! Mi ya same ki?" Gwaggo ta kwala ihu. "Rashida, kira babanki!"

Wa zan kira? Baba da Umair da duk wani namiji na layinmu a Ƙofar Marusa suna masallaci, wayoyi a kashe. Na leƙa waje, ko ɗan acaba ɗaya babu. Sai akori-kurar Umair, fara ƙal, wadda kamfaninsu na sola ya ba shi, mai tafiya da lantarki. A ƙofarmu ya aje ta ya bi Baba da ƙafa, ya bar katin buɗe ta a tagar zaure. Ya sha koya mani ita da yamma a manyan titunan GRA, ni ina tuƙi, shi yana kallona maimakon hanya.

Da haƙora na yage ledar. Ni da Gwaggo muka tallabo Mama muka sa ta gidan gaba, Gwaggo ta faɗa baya tana salati.

"To tayar mana!"

"A tashe take, Gwaggo. Ba ta yin ƙara."

"To ina giyar?"

Babu giya. Tsakanin kujerun nan babu sanda, babu maɓalli, sai wani faffaɗan allo kamar talabijin. A gefensa ake jan yatsa sama in za a yi gaba, ƙasa in za a yi baya. Umair yana alfahari da shi, wai mota ce mai jin taɓi kamar zuciya. A lokacin dariya na yi.

Na goge hannu a zanena na ja yatsa. Jan layi ya bi bayansa, motar ba ta motsa ba. Na sake ja. Taswira ta buɗe, ta rufe, kiɗa ya tashi da ƙarfi. Lallen danye ne, ya cika ƙasan farcena da tsakanin yatsuna, duk inda na taɓa sai ya bar danshi, allon kuma ya riƙa tsalle shi kaɗai kamar ana danna shi ta ko'ina.

"Kiɗa za ki sa mana? Uwarki na mutuwa!"

"Gwaggo, don Allah!"

Na fizge ɗankwalina na goge allon har ya bushe. Na duba hannuwana, na duba na Gwaggo da ke cikin leda. Sannan na kalli na Mama, a kan cinyarta, busassu, tsaf.

"Mama, ara mani yatsanki."

Ba ta iya magana, ido kawai ta juyo. Na kama hannun rigarta don kada in ɓata mata fata, na ɗaga. Nauyinsa ya ba ni tsoro. Hannun da ya yi mani kitso tun ban san kaina ba, yau ni ke ja masa gora. Na ɗora manuninta a gefen allon na tura sama.

Motar ta zame gaba shiru.

Na bi layi ina kauce wa kwata, sitiyari yana santsi a tafina. Gilasai a rufe, zafi kamar tanda, kuma sanyi da sauke gilashi duk suna can cikin allon. Ban isa in ɗauke ido daga hanya in neme su ba.

"Buɗe mata iska!"

"Ba zan iya ba!"

"Wace irin mota ce wannan, ni Binta? Wadda babanki ya sayar, ko makaho ya laluba zai murɗa gilashin!"

Ina fitowa babban titi na taka birki. Sahu ne ya cika kwalta daga wannan gefe zuwa wancan, an gitta benci, liman ya riga ya tayar. Babu wanda ya waiga, don babu wanda ya ji zuwanmu. Ba a ratsa sahu. Baya zan yi in bi ta wani lungu, baya kuma sai da allo.

Na sake kamo hannun Mama. Ya yi sanyi, farcen ya sauya launi. Na ja ƙasa. Shiru. Na sake ja, yatsan ya lanƙwashe ya zame. Kanta ya jingina da gilashi, fiton nan ma ya ragu, na san kuma raguwarsa ba sauƙi ba ne.

"Mama. Mama, dube ni!"

Abu ɗaya ne ya rage a motar nan da ake dannawa da ƙarfi. Na kifa tafukana biyu a tsakiyar sitiyari.

Hon ɗin ya tsaga karatun liman. Kunya ta rufe ni har tafin ƙafa, amma ban ɗaga ba. Wani dattijo ɗan agaji mai kaki, cikin masu gadin sahu, ya taho da gudu yana ɗaga sanda. Na tura ƙofa.

"Ke ɗiyar nan, ba ki da hankali? Salla ake!"

"Baba, uwata ce. Ba ta numfashi."

Ya leƙa. Fuskarsa ta sauya nan take. "Ja baya ki bi lungun hagu, ya ɓulle har bakin asibiti."

"Motar ba ta jin hannuna. Sa yatsanka nan, ka ja ƙasa."

Ya miƙo hannu ta gabana yana laluben sandar giya a iska, sannan ya ga inda nake nuna masa da haɓa. Ya goge yatsa a kakinsa, ya yi bisimilla, ya ja. Motar ta yi baya. Ya bi mu da gudu, da na daidaita ya sake ja mani sama, ya maida ƙofar ya buga bodi.

"Tahi! Allah shi ba ta lahiya!"

Ban san yadda na bi lungun nan ba. Na san dai na goge madubi da katanga, na kuma shiga ƙofar asibiti hannuna a kan hon. Ma'aikata suka fito da gado. Ƙafata na kan birki, don tsayar da motar ma sai da allo, sai da wata nas ta danna mani sannan na iya sauka.

Suka rufa mata abin iska a hanci, suka yi mata allura. Na tsaya a ƙarshen gadon ina kallon ƙirjinta. Yana ɗagawa da ƙyar, ya tsaya, ya sake ɗagawa. Gwaggo tana ta addu'a, leda na ƙara a hannunta. A hankali kafaɗun Mama suka sauka. Fiton ya dawo, ya yi kauri, ya koma numfashi.

Ta buɗe ido, ta yafito ni. Na kai kunnena bakinta, hawayena na ɗiga a kan filo.

"Rashida."

"Na'am, Mama."

"In za mu koma gida," ta ja iska, "a samo mani Keke Napep."